ABDULAYE MAMANI DA LABARIN SARAUNIYAR LUGU

A shafin tarihi na wannan fitowa mun kawo muku labarin wani marubuci ɗan ƙasarmu, Abdulaye Mamani, da littafinsa wanda ya kai sunan Sarauniyar Lugu ƙasashen duniya. Yau da wuya a sami ɗan lakwal a Nijar da bai ji sunan Sarauniya ba, har gidan rediyo da makarantu ana sa musu sunanta. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya sa labarin a takarda, da irin wahalar da ya sha. Mun zaɓo shi ne domin a cikin aikinsa akwai darasi ga kowane gari da yake da tsofaffi masu labari a baki, kamar namu.

TASOWARSA

An haifi Abdulaye Mamani a shekara ta 1932 a Gudumariya, can gabas cikin ƙasar Manga. Ya yi lakwal a zamanin Nasara, ya yi ƙuruciyarsa ta aiki da siyasa a Damagaram. Yana da shekara 14 aka hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, a 1946, ke nan ya ga wannan azaba da idonsa kafin a kawar da ita. A cikin shekarar nan kuma aka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA a ƙasarmu.

Ba a daɗe ba kan ƴan siyasa ya rabu. Jori Hamani da Bubu Hama suka riƙe RDA. Jibo Bakari ya fita, ya kama aikin sandika tare da leburori da manoman gyaɗa, ya kafa tasa jam'iyya a 1954, wadda daga baya kowa ya sani da sunan Sawaba. Mamani ya bi Jibo. A zaɓen 1957 jam'iyyarsu ta yi rinjaye, Jibo ya jagoranci gwamnati, shi kuma Mamani mutanen Damagaram suka tura shi majalisa yana saurayi ɗan shekara 25.

ZAƁEN I KO A'A

Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Dagol ya tambayi ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa: ku ce i ku zauna tare da mu, ko ku ce a'a ku kama gabanku. Seku Ture na Gine ya ce a'a, mutanensa suka bi shi. A nan ma Jibo da Sawaba a'a suka kira. Sai Faransa ta aiko sabon gwamna mai suna Kolombani, aka juya sarakuna da yawa, aka matsa wa ƴan Sawaba. Da aka ƙirga ƙuri'u, i ta samu wajen kashi 78 cikin ɗari. Kafin shekara ta ƙare Jori ya hau kan gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa. A 1959 aka haramta Sawaba baki ɗaya.

Saboda haka lokacin da ƙasa ta samu mulkin kai, ran 3 ga Agusta 1960, waɗanda suka fara neman sa da babbar murya suna cikin kaso ko suna gudun hijira. Mamani yana cikin masu hijirar. Ya zauna Gana da Mali, ya daɗe a Aljeriya, shekara 14 bai taka gida ba. A cikin shekarun nan ne, a 1964, ƴan Sawaba suka shigo ƙasa da bindigogi, abin bai yi musu kyau ba, aka kashe wasu, aka kulle da dama. A 1965 kuma aka jefa wa Jori gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, Allah ya yi da sauran kwanansa. Tsofaffinmu na kowane ɓangare sun san yadda wannan zamani ya raba wa da ƙane, ba sai mun tono ba.

A hijira ne Mamani ya riƙe alƙalami sosai. Ya yi aikin jarida da rediyo, ya rubuta waƙoƙi da Faransanci a kan kewar gida da halin baƙar fata a duniya. An buga su a Paris a 1972 cikin littafi mai suna Poémérides. Ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya.

Ran 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar yunwa, soja suka kifar da Jori, Seyni Kunce ya hau. Masu hijira suka ɗauka hanya ta buɗe, Mamani ya komo gida. Murna ba ta daɗe ba, shi ma aka kama shi, ya yi shekaru a kaso. Dubi ikon Allah: Bubu Hama, shugaban jam'iyyar da ta kore shi, shi ma a lokacin yana tsare a hannun sojan nan. Manyan marubutan ƙasa biyu, abokan gabar juna a siyasa, mulki guda ya kulle su. Bayan duk wannan, a 1980, littafin Sarauniya ya fito a Paris.

ABIN DA YA FARU A 1899

Kafin mu duba littafin, bari mu faɗi abin da tarihi ya tabbatar. A farkon 1899 wata runduna ta Faransa ta taso daga bakin Kwara za ta tafkin Cadi. Kapitan biyu ke jan ta, Bule da Shanwan, waɗanda takardun Nasara ke rubutawa Voulet da Chanoine. Suna da sojoji baƙaƙen fata da ɗimbin masu ɗaukar kaya da aka kamo da ƙarfi. Duk inda suka bi sai ƙone gari da kisa da kwashe hatsi da mata.

Ran 16 ga Afrilu suka iso Lugu, garin Azna a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi. Garuruwa da yawa sun watse tun kafin isowarsu, wasu sun kai gaisuwa. Mutanen Lugu, a ƙarƙashin Sarauniyarsu Mangu, suka tsaya da kwari da baka. Lissafin Nasara da kansu ya ce sun harba harsashi wajen 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Da wuta ta yi yawa, Sarauniya da jama'arta suka shige kurmi, ba a kama ta ba. Nasara suka ƙone garin suka wuce.

Ran 8 ga Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ɓarnarsu ya kai Paris, aka turo Kanal Kulob ya karɓe rundunar. Ran 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Bule ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka tayar, suka kashe Shanwan, wanshekare suka kashe Bule. Kaburburansu suna Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba, ta yi karo da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan Yuli.

SARAUNIYAR LITTAFI DA SARAUNIYAR LUGU

A cikin takardun hafsoshin Faransa, Sarauniya layi kaɗan ta samu, su ma na raini, tsohuwar matsafiya suka kira ta. A Lugu kuwa, Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya wadda mace ke gada bayan mace. Mai riƙe da ita tana zaune a ɗakinta, tana kula da al'amarin ƙasa da damina da lafiyar gari. Mangu ɗaya ce daga cikin jerinsu, an yi wasu kafin ta, an yi wasu bayanta.

Mamani ya ɗauki wannan ɗan abin da aka rubuta da abin da ake faɗi a baka, ya gina ƙagaggen labari a kai. Sarauniyarsa mace ce mai ƙuruciya da kyau, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya rena, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Ba ta sunkuya wa Sakkwato ba, ba ta sunkuya wa Nasara ba. Tana kiran maƙwabta a haɗa kai, sarakuna kuwa kowa yana lissafin ribarsa, wasu har suna murna Nasara zai gama musu da ita. Duk wanda ya san 1958 zai gane inda marubucin ya dosa. Mutumin da ya ce a'a sarakuna suka juya masa baya, shi ne ya rubuta labarin macen da ta ce a'a sarakuna suka bar ta ita kaɗai. Ciwon da ke cikinsa ya zuba a littafin, shi ya sa maganar take da zafi.

Ba laifi ba ne marubuci ya yi haka, aikinsa ke nan. Ya ba ƴaƴan Nijar wata uwa da za su yi tutiya da ita, a lokacin da littattafan lakwal suka cika da sunayen jaruman Faransa. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da littafin silima. A Nijar aka so ɗaukar sa, abin bai yiwu ba, sai aka ɗauke shi a Burkina Faso zamanin Toma Sankara, Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin silima na Fespaco a Wagadugu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Da Faransanci aka rubuta littafin, a Paris aka buga shi. Jikokin waɗanda suka tsaya da baka ran 16 ga Afrilu, mafi yawansu ba su iya karanta shi ba. Yaran lakwal kuma da suka karanta ko suka ga silima, sai suka ɗauka yadda Mamani ya tsara haka abin ya faru, har da Dawa da sauran mutanen da ya ƙaga. Abin da aka rubuta yana da ƙafa, yana zuwa inda bakin tsoho ba ya zuwa. In aka yi sake, sai na takarda ya danne na baka, har mutanen gari su koma suna jin labarin kakanninsu daga bakin baƙo.

ƘARSHENSA

Kunce ya rasu a 1987, aka yi babban taron ƙasa a 1991, bakin mutane ya buɗe. A 1993 aka ba Mamani kyautar adabi ta ƙasa, wadda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, shi kuwa ya rigaya ya rasu tun 1982. Mamani ya taso daga Damagaram za shi Yamai karɓar ta, mota ta yi hatsari da shi a hanya, a watan Yuni, ya cika yana da shekara 61. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Bubu Hama, ya yafe musu kurakuransu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Rundunar Bule ta bi ta garuruwa masu yawa tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni da Tasawa. Kowane yana da nasa labari: rijiyar da aka cika da gawa, dajin da aka ɓuya, zuriyar da ta tashi ba ta komo ba. Lugu ta samu marubuci, sauran fa? Waɗanda suka gani da ido sun tafi tuntuni, ƴaƴansu ma haka. Jikoki ne suka rage, su ma furfura ta gama su. Haka labarin aikin tilas yake, da na zaɓen 1958, da na yunwar 1973 da ta 1984.

Tun 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, Bubu Hama yana cikin waɗanda suka tsaya mata. Amma cibiya guda ba ta iya zaga kowane ƙauye. Aikin namu ne. Muna roƙon matasan ƙungiya, duk wanda ya zo gida hutu ko salla, ya sami tsoho ko tsohuwa ya zauna, ya ɗauki maganarsu da salula, sannan ya kwafe ta a takarda da Hausa, da boko ko da ajami. A rubuta ranar da aka yi hirar, da wanda ya faɗa, da wurin wanda shi ma ya jiyo. Kada a gyara masa magana don ta yi daɗi. In tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi ɗaya. A nemi tsofaffin mata musamman, domin sau da yawa su ke riƙe da sunayen dangi da na wuraren da aka tashi.

Duk abin da aka samu a miƙa wa magatakardan ƙungiya. Za mu riƙa buga shi a wannan shafi kaɗan kaɗan, a karanta wa waɗanda ba su yi karatu ba a dandali, domin mai gyara ya gyara tun masu sani suna da rai. In wata rana Allah ya fito da marubuci daga cikin ƴaƴanmu, ya tarar da abin da zai yi aiki da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci. Wassalam.