Kogin Kwara: Na Sama Ya Zuba, Na Ƙasa Ya Sha

Mai karatu, yau ina so mu waiwayi tarihin Kogin Kwara, wanda 'yan boko suka fi sani da Neja, domin kuwa mu Hausawan Anacha da Asaba da Lakwaja a bakinsa muke kwana muke tashi, amma da yawanmu ba ma tunawa da shi sai in mota ta hau gada za mu gida hutun Sallah.

Kogin nan ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya shigo mana ta Jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya rarrabu ya faɗa teku, bayan tafiyar kimanin kilomita 4,180. Tun kafin zuwan Bature yana da masu kula da shi. Sarkawan Kabi da Yawuri suna da Sarkin Ruwa, masu jiragen Nupe kuma suna da Kuta. Sarkin Ruwa ne ke cewa a shiga su, shi ne kuma ke cewa a dakata kifi ya hayayyafa. Wanda duk ya san Argungu ya san ba a taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka ba da izini.

Da Turawa suka zo, sai kogin ya zama hanyar kwasar kaya. Mungo Park ya mutu a Busa a 1806 yana neman ƙarshensa, 'yan'uwan nan biyu masu suna Lander suka bi shi har teku a 1830, a 1886 kuma Ingila ta damƙa harkarsa a hannun kamfanin Royal Niger. Bayan mun sami 'yanci ma ba ta sake zane ba. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, tsohon garin Busa ya nutse, daga baya ta Jebba ta biyo. Mun sami lantarki, to amma ambaliyar da manoman fadama da masunta suka san lokacinta sai ta koma hannun masu buɗe ƙofar dam.

Babbar musibar kuwa a ƙarshen kogin ta sauka. A 1956 aka gano man fetur a Oloibiri, aka soma fitar da shi a 1958, kuma aka shekara talatin ƙasar ba ta da hukumar kare muhalli. Sai a 1988, da asiri ya tonu cewa an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar FEPA. Da Ogonawa suka yi kuka kan malalar mai a ruwansu, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Shekara goma sha shida bayan haka, wato a 2011, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya gaskata su: a Ogale an sami rijiyoyin da sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi fiye da sau 900, kuma aka ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mutanen Bodo, waɗanda mai ya kashe wa kifi a 2008, sai da suka kai ƙara Landan kafin kamfanin Shell ya amince ya biya su fam miliyan 55 a 2015. Ka ga ke nan kullum sai ɓarna ta auku sannan doka ke zuwa, ihu bayan hari.

To jama'a, a nan ne nake so mu duba namu. Mun saba ɗauka cewa gurɓatar ruwa matsalar 'yan Neja Dalta ce. Alhali tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, masaƙun Kaduna sun yi shekaru suna sakin ruwan rini cikin lambatun da ke gangarawa Kogin Kaduna, shi kuwa a Kwara yake juyewa can ƙasar Nupe. Akwai masuntan da ke zuba maganin ƙwari na Gamalin su kwashi kifi har da 'ya'yansa. Akwai masu haƙar zinari da ke wanke ƙasa da sinadarin makuri, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi. Nan kudu kuma ga jini da kashin shanu na mayankanmu, ga ledar kasuwanninmu, duk ruwa muke bai wa ajiyarsu. Kifin da ya sha wannan dauɗa shi ake ƙyafewa a loda wa mota a kai mana Arewa.

Hukumomi kam akwai su. Tun 1964 ƙasashen kogin suka kafa hukumar haɗin gwiwa a Yamai, aka sabunta ta a 1980 da ƙasashe tara. Nijeriya ta ƙara da NOSDRA a 2006 saboda malalar mai, da NESREA a 2007. Sai dai jami'in da ke Abuja ba zai ga wanda ya zuba guba a ruwa da tsakar dare ba. Sarkin Ruwa ya fi shi gani, domin a bakin ruwan yake kwana, kuma daga ruwan iyalinsa ke ci.

Saboda haka kirana ga Sarakunan Hausawa na garuruwan bakin kogi, da Sarakunan Fawa, da shugabannin kasuwa, shi ne su ɗauki wannan aiki a unguwanninmu: a ware wurin zubar da ƙazantar mayanka nesa da ruwa, a daina sayen kifin guba, limamai kuma su tuna mana a huɗuba cewa addinin da ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu ba zai yarda da zuba guba a ruwan da miliyoyin mutane ke sha ba. Muna baƙunci a ƙasar mutane, bai kamata a ce da hannunmu a ɓata musu ruwa ba.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.