Yalwa: Daga Rumbu Zuwa Sikelin Bature

Ran nan ina kallon wani fim, sai na ga an fassara "Allah Ya yi masa yalwa" da kalmar nan ta Turanci, abundance. A daidai lokacin, kyamara na nuna Alhaji a falo, ga motoci jere a waje. To, ni ɗan Funtuwa ne, abin ya tsaya mani a rai.

Ita kalmar asalinta Latin ne, ma'anarta ambaliya, wato ruwa ya cika har ya tumbatsa. Ta hanyar Faransanci ta shiga Ingilishi. Ka ga ke nan adadi ta ke nufi, abin da ake iya aunawa. Shi kuwa Bahaushe ya raba abin: akwai yalwa, akwai wadata, akwai albarka. Mutum na iya samun yalwa ya rasa wadatar zuci. Tsofaffinmu ma kan raɗa wa yaron da aka haifa a shekarar ƙoshi suna Wada, mace kuma Yalwa.

A da, rumbu ne ma'aunin. In dawa da gero sun kai ka wata kakar, ka yi arziki. Sai Turawa suka zo da nasu. A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda mu ke kira Bisije, ta kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya. Daga nan yalwa ta koma abin da sikeli ya nuna, da kuɗin haraji. Farin 1973 ya tuna wa jama'a cewa ba a tuƙa tuwo da auduga. Bayansa, a 1975, shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya ya kankama a Funtuwa, taki da ingantaccen iri suka yawaita, masara ta mamaye gonaki.

Ga tarihi jibge, amma ina ya ke a finafinanmu da littattafanmu? Kullum mai arziki na birni ne, manomi kuwa abin dariya. Daraktoci da marubuta, don Allah ku leƙa kasuwar Dandume da kaka, ku ga buhuna. Wallahi akwai labari a can, har da na soyayyar.