Inna da Mayya a Ƙasar Hausa

Tun zamanin da, sha'anin tsafi da iskoki a ƙasar Hausa ba na maza kaɗai ba ne. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, wanda yakan hau dutsen Dala ya gana da Tsumburbura, sa'an nan ya sauko ya gaya wa jama'a abin da zai auku. A Gobir kuwa mace ce ke riƙe da wannan aiki. Daga gidan sarauta ake naɗa ta, ana ce mata Inna, 'yan bori duka, maza da mata, suna ƙarƙashinta. Da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Alƙalawa a 1808, sarautar ba ta mutu ba, ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri. Malfar da Inna ke sawa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ta ɗauke ta, ta sa wa jajinta masu koyar da mata addini a ƙauyuka.

Har wa yau akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogonduci. A 1899 ta tare rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan. Suka ci garin, amma ba su kama ta ba. Bayan wata uku sojojinsu suka kashe su duka biyu, mutane suka ce asirinta ne ya ci su. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, aka mai da shi sinima a 1986.

To, amma a tatsuniya da hirar dare, mace mai asiri galibi mayya ce, tsohuwa mai kama kurwar yara. Boka kuwa a je masa da goro da zakara, a durƙusa. A ƙauye ma, wadda akan tilasta wa tsallake majiyyaci don ta saki kurwarsa, sau da yawa gwauruwa ce wadda ba ta da mai tsaya mata.

Ashe ba asirin ba ne ke ɗaukaka mace ko ya kā da ita, gata ne. Wadda sarki ke bayanta aka yi mata kiɗa. Wadda ba ta da kowa aka kore ta daga gari, ita da 'ya'yanta.