Fitilar Banu Mushtaq da Haƙƙin da Ake Ɓoye wa Mata

A watan Mayun 2025 aka ba Banu Mushtaq, lauya 'yar garin Hassan a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa, tare da Deepa Bhasthi wadda ta fassara littafinta Heart Lamp daga harshen Kannada zuwa Turanci. Labarai 12 ne da Mushtaq ta rubuta tsakanin 1990 da 2023, kuma shi ne karon farko da kundin gajerun labarai ya ci wannan kyauta.

Ba ita ta share fagen rubutu kan danniyar da ake wa mata ba. Tun 1905 Rokeya Sakhawat Hossain ta Bengal ta ƙago, a cikin wani labari, wata ƙasa inda maza ne ke cikin kulle, Ismat Chughtai kuwa sai da ta gurfana gaban kotu a Lahore kan labarinta Lihaaf na 1942. Abin da ya bambanta Mushtaq shi ne wurin da take ɗora laifi. Wasu masu sharhi na gaggawar cewa addini take suka. Wanda ya karanta a tsanake zai ga cewa ƙararta a kan mazan da suka riƙe makullin shari'a take, masu ɗaukar abin da ya yi musu daɗi su danne sauran.

Labarin Black Cobras da ke cikin littafin ya isa hujja. Yakub ya yi watsi da matarsa Aashraf don 'ya'ya mata take haifa, ya sake aure, ya daina ciyar da gidan. Wata mace mai ilimi ta fahimtar da ita cewa shari'a ta ba ta haƙƙi a kansa. Ta yi ta safa da marwa wurin mutawalli, wato shugaban kwamitin masallaci, amma shi da Yakub bakinsu ɗaya. Jaririyarta ta rasu tana kan neman adalcin. Matan unguwar ba su da kotu, ba su da mimbari, saboda haka suka huce fushinsu da habaici da tsinuwa lokacin da mutawallin ke wucewa. Nan ƙwarewar marubuciyar ta fi fitowa, domin ba ta ba su nasarar ƙarya ba, ba ta kuma bar su bebaye ba.

A labarin da ya ba littafin suna, Mehrun ta yi yaji bayan mijinta ya ci amanarta, sai 'yan uwanta maza suka mayar da ita don gudun abin kunya. Ta kai ga zuba wa jikinta kananzir kafin 'yarta ta hana ta. Danniyar a nan daga gidan iyaye ta taso, inda bakin mutane ya fi ran 'ya daraja.

Ita kanta Mushtaq ta sha barazana da ƙauracewa bayan ta goyi bayan shigar mata masallaci.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan zance. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta, a birnin Chennai na Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Ya kamata sassan nazarin adabi a jami'o'inmu su ajiye littattafan nan biyu gefe da gefe, masu fassara kuma su yi ƙoƙarin kawo labaran Mushtaq cikin Hausa, domin matan da suka fi buƙatarsu ba da Turanci suke karatu ba.