Ɗakin Alloli a Gidan Mutumin Roma

Ɗalibin da ke karanta Ayyukan Manzanni 17 yakan ɗauka cewa gumakan da Bulus ya gani a Atina al'amari ne na haikali da bukukuwan gari kawai. Amma sujadar mutanen daular Roma daga cikin gida take farawa. Kusan kowane gida yana da ɗan bagade inda maigida ke ƙona turare, yana miƙa abinci ga allolin da ke tsaron iyalinsa, waɗanda ake kira Lares.

Birnin Pompeii na Italiya, wanda aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, ya adana mana irin waɗannan bagadai. A wani gida an sami siffofin Jupiter da Minerva na Roma a kusurwa ɗaya, a wata kusurwar kuma ga wurin sujada ga Isis da Serapis na Masar. Maigidan bai ga saɓani ba. Kowane allah da aikinsa: ɗan kasuwa ya roƙi Mercury riba, mai tafiya a teku ya kira Isis, marar lafiya ya kwana a haikalin Asklepiyos a Birgamas yana jiran mafarkin magani, soja kuma ya shiga asirin Mitra, wanda aka tono haikalinsa a Landan a 1954. Hukuma ma haka ta yi. A shekara ta 204 kafin haihuwar Almasihu, ana cikin yaƙi da Hanibal, Roma ta ɗauko allahiya Kibele daga Asiya Ƙarama ta ba ta mazauni.

Kada mu ce wannan sujada ta fatar baki ce. Mutane sun yi azumi da wa'adi, sun rubuta godiyarsu a kan duwatsu. Tushenta dai shi ne: na ba ka, ka ba ni. In wani allah ya gaza, sai a ƙara wani.

Inda aka rabu da masu bi

A irin wannan duniya, ba Yesu wuri ba abu ne mai wuya ba. Wani littafin tarihin sarakunan Roma ya ce Sarki Severus Alexander, wanda ya yi mulki daga 222 zuwa 235, ya ajiye siffofin Almasihu da Ibrahim tare da ta Orfiyos a ɗakin sujadarsa. Masana suna shakkar labarin, amma ya nuna yadda tunanin zamanin yake. Laifin Kirista a idon maƙwabtansa shi ne ya ƙi sauran. Shi ya sa aka riƙa kiran masu bi "marasa allah".

A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga alloli, ya karɓi takardar shaida. An sami fiye da 40 na waɗannan takardu a Masar. Ba a hana kowa yin addu'a ga Yesu a gidansa ba, ƙari kawai aka nema. Wasu masu bi sun yi hadayar, wasu sun sayi takardar da kuɗi, wasu kuwa sun gwammace kurkuku da mutuwa. Kifiriyan, bishop na Kartej, ya sha fama da tambayar yadda za a karɓi waɗanda suka faɗi. Shawarar da shi da sauran bishop-bishop suka yanke a 251 ita ce a buɗe musu ƙofa ta hanyar tuba, ba tare da an mai da zunubin ƙaramin abu ba.

Abin da ya shafe mu

Wannan tarihi yana taimaka mana mu karanta 1 Korintiyawa 8 zuwa 10. Bulus yana magana da mutanen da suka yi baftisma amma suna ganin ba laifi su ci a teburin Ubangiji su kuma ci a haikalin gunki.

Fasto a ƙasarmu ya san wannan hali. Ɗan ikkilisiyar da ke ɗaura wa ɗansa laya, ko ya je wurin boka da dare bayan ya yi waƙa a sujadar safe, da wuya ya ce ya bar Yesu. Tsoro ne ya sa ya ƙara wani mataimaki: ciwon yaro, rashin haihuwa, ko kasuwa da ta tsaya. Tsawatawa daga bagade kaɗai ba ta kawar da wannan tsoro. Dole mu koyar da ikon Almasihu a kan dukan ikoki kamar yadda wasiƙar Kolosiyawa ta yi, mu kuma ziyarci marar lafiya kafin ya kama hanyar gidan boka.

Tambayoyin nazari

1. Wace bukata ce ta fi kai mutanen ikkilisiyarku neman taimako a wani wuri?
2. Yaya dattawanku suke karɓar wanda ya faɗi ya dawo da tuba? Ku kwatanta da shawarar Kifiriyan.