Ayuba Sulaiman Diallo a gaban mai zane

A shekarar 1733, a birnin Landan, wani matashin mai zane, William Hoare, ya zana wani Bafulatani ɗan ƙasar Bundu, a gabashin Senegal ta yau. Sunansa Ayuba Sulaiman Diallo, ɗan gidan malamai. An kama shi a yankin kogin Gambiya, aka sayar da shi, aka kai shi gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta faɗa hannun wani mai suna James Oglethorpe a Ingila, daga nan aka fanshe shi.

Sai mutum ya san yadda ake zana baƙar fata a Ingilar wancan zamani kafin ya gane nauyin wannan hoto. Galibi yaro ne bara a gefen wata uwargida, riƙe da tire ko linzamin doki, wani lokaci har da ƙawanyar azurfa a wuya, an sa shi ne don a nuna arzikin mai gida. Shi kuwa Ayuba shi kaɗai ne a allon. Bayansa duhu ne, haske ya sauka a goshinsa da farin rawaninsa, idanunsa na kallon mai kallo kai tsaye, babu sunkuyar da kai. A ƙirjinsa, bisa farar riga, wani jan littafi na rataye da igiya kamar gafakar almajiri. Alƙur'ani ne, kuma a zamansa na Landan ya rubuta shi da ka har sau uku.

Rigar nan da rawanin ba dabarar mai zane ba ce. Thomas Bluett, wanda ya rubuta labarinsa a 1734, ya ce da farko Ayuba ƙin yarda ya yi a zana shi, sai da aka tabbatar masa don tunawa da shi kawai ake so. Da ya amince, aka gama zana fuskar, sai ya nemi a sa masa tufafin ƙasarsu. Hoare ya ce ba zai iya zana abin da bai taɓa gani ba. Ayuba ya tambaye shi yadda aka yi wasu masu zane ke zana Allah, alhali ba wanda ya taɓa ganin sa. Haka ya siffanta masa rigar da baki.

Kada dai kwarjinin fuskar ya rufe mana ido: lokacin da aka kama Ayuba, bayi biyu ya je sayarwa a bakin kogin, kuma bayan ya koma gida a 1734 ya ci gaba da hulɗa da kamfanin Royal African Company mai fataucin bayi.

A 2009 hukumar gidajen tarihi ta Qatar ta sayi hoton a gwanjon Christie's. Gwamnatin Birtaniya ta dakatar da fitar da shi, daga baya aka daidaita a ba da aronsa ga National Portrait Gallery da ke Landan.