Gwanki: Siffarsa da Yanayin Rayuwarsa

Gwanki na ɗaya daga cikin manyan namun dajin Afirka masu ƙaho. Mazauninsa shi ne daji mai dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, irin wanda ya mamaye ƙasar Zuru da kewayenta kafin gonaki su yawaita. A yau, ɗaya daga cikin wurare mafi kusa da aka san shi da zama shi ne Gandun Dajin Tafkin Kainji da ke jihohin Neja da Kwara.

Siffa

Tsayin gwanki daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 140, nauyinsa kuma kilo 220 zuwa 300. Jikinsa ja-ja ne mai duhu, fuskarsa baƙi da fari, kunnuwansa dogaye masu tukku. Namiji da mace duka suna da ƙahonni masu lanƙwasa baya. Idan aka rutsa da shi yakan tsaya ya yi faɗa, har zaki yana shakkarsa. Bahaushe na yi masa kirari da "gwanki sha bara".

Ɗabi'u

Gwankaye na yawo garke-garke, galibi daga 5 zuwa 15: mata da 'ya'yansu tare da babban namiji guda. Tsohuwar mace ce ke jan garke zuwa kiwo da mashaya, domin gwanki ba ya nisa da ruwa. Maza biyu sukan durƙusa bisa gwiwoyinsu su gwabza da ƙaho.

Haihuwa

Mace na ɗaukar ciki kimanin wata 9, ta haifi ɗa guda. Takan ɓoye shi cikin doguwar ciyawa na tsawon makonni, tana zuwa shayar da shi safe da yamma. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari a rayuwarsa: idan wuta ta cinye ciyawar ko shanu suka tattake ta, ɗan ba shi da mafaka daga kura da damisa.

Kira ga Jama'a

Dokar gandayen daji ta ƙasa ta 1999 ta haramta farauta da kiwo da cinna wuta a cikinsu ba da izini ba. Ana kira ga hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu da su faɗakar da mafarauta da makiyaya kan illar ƙona daji da rani, domin ciyawar da ke ɓoye ɗan gwanki ita ce kuma abincin dabbobinmu na gida.